Musayar Waƙa: Ina Mujallun Gem na Da?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum 'yan zaure. An kwana biyu ba a motsa alƙalami ba. Ga 'yar ƙwar huɗu, amsa-amona "ya". Mai amsawa ya riƙe shi ko ya zo da nasa.

Bismillahi da shi zan fara,
Waƙar mujallun da muka tara,
Na gem, a can da muna yara,
Kafin waya ta cika duniya.

A Sabon Gari muke tsinto su,
Cikin gwanjo ake zubo su,
Wata shida da fita mu sayo su,
Mu kai gida, mun sami dukiya.

A 1981 mujallar CVG ta fito,
Daga Ingila, rubutu da hoto,
Ta yi shekara 23 ana zato
Ba ranar da za ta rasa hanya.

Nintendo Power daga Amurka,
1988 ta nuna fuska,
A bangonta Mario ne na laka,
Ciki ga taswira don mai tafiya.

Mujallar EGM a da mutum huɗu take sawa,
Gem ɗaya kowa yana bugawa,
Kowa da makin da yake bayarwa,
Su saɓa, mu kwana muna jayayya.

Yau ka ɗaga mujalla ta rame,
Talla ta cinye, sharhi ya ƙame,
Maki tara-tara, duk an dame,
Wa zai gaya maka gaskiya?

Baban Sega:

Wa alaikumus salam. Ni tsoho ne, ƙwar biyu nake iyawa.

Ƙanena ka sosa min inda ke ƙaiƙayi,
Bari in ɗora daga inda kake tsayawa.

Shafin baya shi ne abin nemana,
Lambobin sirri a jere ake bugawa.

Sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu da dama,
Hagu da dama, B da A kana dannawa,

Gem ɗin Contra ya ba ka rai talatin cif,
Mai shagon gem ya ga layi ba ya matsawa.

A Mortal Kombat ta Sega, ABACABB,
Jinin da aka ɓoye ya dinga zubowa.

Mu kwafe a bayan littafin lissafi,
Mai lamba a ka shi ake girmamawa.

Har ƙaryarsu ma da gwaninta take,
Ta Afrilun 1992 ba ta mantuwa a wurin kowa:

EGM ta ce a Street Fighter II
Akwai wani ɓoyayyen ɗan faɗa, Sheng Long, yana fitowa,

In ka kai Ryu gaban Bison ba a taɓa ka ba,
Ku yi canjaras sau goma, ba mai kayarwa.

Yara suka ƙarar da kuɗi a banza,
Wasu mujallun suka kwafa suna yaɗawa.

Zuwan PlayStation, faifai manne a bango,
Ka ɗanɗana gem kafin ka je sayowa.

Namu na gwanjo sai tabon salatif,
Wani can ya riga mu cirewa.

Autan Zaure:

Allah ya ƙara girma. Ni ban riski wannan zamani ba, amma ina da ja.

Baba da Yaya ku gafarce ni,
Yaro ne ni, kar ku kore ni,
Wata tambaya ce ta dame ni,
Zan ajiye ta a gabanku.

Nintendo Power wa ya kafa ta?
Nintendo ce da kanta ta haife ta,
Mai haja ce ke yabon hajarta,
Wannan ce gaskiyar taku?

Game Informer ma 'yar shago ce,
Shagon FuncoLand uwa, GameStop goggo ce,
Tun 1991 talla gadonta ce,
Ba yau aka fara ba, tun zamaninku.

Lambar da kuke jira wata shida,
Shafin GameFAQs ya kawo ta har gida,
Tun 1995, kyauta, ga fa'ida,
Me ya rage a takardunku?

Yau kafin in sayi gem na gan shi,
A YouTube wani yana buga shi,
Da idona nake auna shi,
Ba sai na jira alƙalanku.

Ba takarda kuke wa kuka ba,
Ba iya rubutun mutanen ba,
Ba wai da ba a yi son kai ba,
Ƙuruciya ce ta gudu ta bar ku.

'Yar Damagaram:

Kai, Auta, ba ka da dama. Baba, a bar mini shi.

Auta sannu, ka yi magana,
Rabinta gaskiya ce a wurina,
Yanzu kasa kunne ƙanena,
In warware maka sauranta.

Mu namu daga Faransa suke zuwa,
Ta Yamai, hannu da hannu suna wucewa,
Joypad, Consoles+ muke karantawa,
Player One ma ban mance da ita.

Ban ce da can babu talla ba,
Amma ba ita kaɗai ke ci da su ba,
Mai saye bai daina biya ba,
Edita na kunyar mai karanta ta.

Intanet ta zo, masu saye suka janye,
Shafi ya ragu, kuɗi ya tsiyaye,
Mai talla kaɗai ya rage a tsaye,
Wa zai zagi mai ciyar da ita?

Faifan gwaji a hannun kamfani yake,
Hoton bango ma shi ke riƙe,
Ka soki gem ɗinsa, zumunci ya farke,
Labarin gaba sai wajen kishiyarta.

'Yan mujallar Joystick da aka sayar da gidansu,
A 2003 suka kama gabansu,
Mujallar Canard PC suka kafa da kansu,
Joystick, 2012 aka binne ta.

Dubi Famitsu ta Japan ka gani,
Tun 1986 take riƙe da ma'auni,
Cikakken maki 40 ba ta bai wa wani,
Sai 1998 Zelda ta ƙwata.

Zuwa 2006 gem shida suka samu,
A 2009 kaɗai huɗu suka gamu,
Shin gem ne ya ƙaru da kyau a zamaninmu,
Ko mai awon ce ta sassauta?

Ɗan Fagge:

Hajiya, Allah ya saka. Na Faransa ba su zo hannunmu ba, ashe ciwon iri ɗaya ne.

Hajiya kin biya, kin fanshe ni,
Auta matso kusa ka ji ni,
Zan ƙirga gawa, ka taya ni,
Ka ga yadda aka share zuriya.

2009 EGM ta faɗi,
Ta tashi daga baya, ba daɗi,
GamePro 2011, ga gargaɗi,
Nintendo Power ta biyo baya.

Disambar 2012 ta yi sallama,
A fitowa ta 285 ta gama,
GamesMaster da gamesTM ma,
2018 suka bar duniya.

Ta Game Informer ta fi ciwo,
Shekara 33 ana kiwo,
Agustan 2024 wuƙa aka kawo,
Aka yanke ta a rana ɗaya.

Shafinta na intanet aka share,
Aikin shekaru a yini ya ƙare,
Nawa na takarda suna nan tare,
A kwali ƙarƙashin gado lafiya.

Autan Zaure:

Yaya ka tsallake ƙarshen labari,
2025 Game Informer ta dawo gari,
Kamfanin Gunzilla ya saye, an sake shiri,
Shafin ya dawo, ku duba wayarku.

Tsofaffin ma an ɗauke su hoto,
Shafin Internet Archive ya yi musu ceto,
Ni ma can na leƙa na tsinto
Sheng Long ɗin da ya cinye kuɗinku.

Edge ta Ingila ba ta mutu ba,
Tun 1993 ba ta tsaya ba,
Retro Gamer ma ba ta rufe ba,
Bana wa ya sayi ko ɗaya a cikinku?

Baban Sega:

Ikon Allah. Ɗan Fagge, kai ka jawo mana.

Yaron nan bakinsa da kaifi,
Ka amsa masa, ni kam ina wucewa.

Kuɗin Edge da fam ake biyan shi,
Naira ta ga fam tana rusunawa.

Ga kuɗin jirgi kafin ta iso Kaduna,
Ga na makarantar yara yana matsowa.

Uwargida ta ji zan sai mujallar gem,
Ni da tuwon dare sai dai hangowa.

'Yar Damagaram:

Baba, uzurin bai karɓu ba. Da ma can ɗaya ake saye, mutum goma su karanta.

Mu huɗu ne, kowa ya kawo nasa,
Ni da sefa, ku da naira ku lissafa a ƙasa,
A biya ta shekara, a daina wasa,
Auta ya fara, shi ya tsokano ta.