"An bar jaki ana dukan taiki": wa ye jakin, wa ye taikin?

Direban Shikago: Salamu alaikum jama'a. A raba mu gardama. Jiya a majalisarmu bayan isha'i muka kusa ɓatawa da wani yayana kan White Sox, ƙungiyar besbol ta nan garin. A 2024 sun sha kashi sau 21 a jere, ranar 8 ga Agusta aka sallami kocinsu Pedro Grifol, lokacin sun ci wasa 28 an cinye su 89. Na ce an bar jaki ana dukan taiki, don kafin a fara kakar ma an riga an miƙa wa San Diego gwanin jifarsu Dylan Cease, kuma mai ƙungiyar, Jerry Reinsdorf, tun 1981 yake zaune daram. Yaya ya ce ban iya Hausa ba, wai kocin shi ne jakin tunda shi ya ɗauko kayan. To wa ya yi daidai?

Malam na Zangon Kumasi: Wa alaikumus salam. Kai ne da gaskiya, ƙanina. Ana faɗin ta ne in an ji tsoron mai laifi aka huce a kan wanda ba ya iya ramawa. Bayan korar me ya faru?

Direban Shikago: Malam, wanda ya riƙe, Grady Sizemore, ya ci 13 aka cinye shi 32. Suka ƙare da kashi 121, suka ƙwace tarihin yawan shan kashi a kaka ɗaya da ƙungiyar Mets ke riƙe da shi tun 1962.

Ɗan Fagge: Innalillahi. Wannan ai ba taiki ba, har mangalar ta yage.

Mai Rediyo: Ku dakata. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A 2022 Phillies sun kori kocinsu Joe Girardi sun ci 22 an cinye su 29, mataimakinsa Rob Thomson ya karɓa, da 'yan wasan nan dai ya kai su har World Series, wato karon ƙarshe na cin kofi, sai Houston ce ta tare su. Can wa aka daka, jaki ko taiki?

Direban Shikago: Kwana huɗu bayan nan Angels suka kori Joe Maddon, ga gwanaye Ohtani da Trout a hannunsu, amma ko wasannin share fage na ƙarshen kaka ba su leƙa ba. Kawo wata.

'Yar Daura: Ku maza kun cika lissafi. Ni a bakin kakata, Allah ya jiƙanta, na fara jin maganar nan, kuma ita ba haka ta ɗauke ta ba. Kakanmu yana kai gero kasuwar Mai'aduwa a kan jaki, jakin kuma na surukinsa ne, wato mahaifin Iya kakata, aro ake ba shi. Jaki ne mai taurin kai, in ya ga rafi sai ya toge. Kaka ba shi da halin ya taɓa shi, don tsohon kullum sai ya shafa bayan jakin in an dawo, ya duba ko akwai shatar bulala. Sai ya koyi zabga wa taikin sanda. Ƙarar kawai jakin zai ji ya zabura. Shekara da shekaru haka ake yi, har ran nan ɗinkin ya gaji, ya ɗaga sanda ya sauke, taiki ya fashe a bakin kasuwa, gero ya watse, kajin mutane da awaki suka yi sallah. Ya dawo gida ba kuɗi ba gero. Iya ta ce ita ba ta ce masa komai ba, tuwon dawa kawai ta tuƙa sati guda ba man shanu. In ta ba da labarin sai ta ce, "Mai hankali ne ke dukan taiki, mara hankali ne ba ya duba ɗinki."

Mai Rediyo: Ka ji! Hajiya ta gama magana. Ashe dukan taikin dabara ce, a kori koci 'yan wasa su ji ƙara su zabura.

Malam na Zangon Kumasi: A'a, labarin ni ya goya wa baya. Jakin na suruki ne, shi ya sa ba a taɓa shi. Mai ƙungiya wa zai kore shi?

'Yar Daura: Malam, ni ban goyi bayan kowa ba. Jakin ma daga baya kura ta cinye shi.

Ɗan Fagge: Allah sarki. Mu a nan jakunanmu kura ba ta cin su, sai dai su sauya jam'iyya. Wuta ta ɗauke, a kori mai ba da shawara kan wutar lantarki, a naɗa sababbi goma sha biyu.

Admin: Ɗan Fagge, ban da siyasa.

Ɗan Fagge: Ranka ya daɗe ban kama suna ba. Wanda ya tsargu shi ya sani.

Mai Rediyo: Af, na manta Marlins a 2003. Suka kori Jeff Torborg a watan Mayu, suka ɗauko Jack McKeon yana da shekara 72, ya doke Yankees ya ɗauki kofi.

Ɗan Fagge: Don Allah goge wannan kafin wasu tsofaffi su gani su ce a ba su wa'adi na uku.

Baba na Damagaram: Ni a wajenmu na fi jin "zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa". Ina ga ita ta fi dacewa da magoya baya, su bar mai kuɗin su zagi wanda suke gani a bakin fili.

Malam na Zangon Kumasi: Baba, wannan ai wata gardamar ce daban, a buɗe mata nata zaren.

Direban Shikago: Na karanta wa Yaya duka. Ya ce Hajiya ta tambayo mana a gida, wa ya biya kuɗin geron?

'Yar Daura: Iya ce. Tunkiyarta aka sayar.