Ɗana yana gane komai amma babu baki, me kuka gwada?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana shekararsa 6. Shawara ce ta kama shi kwana uku da haihuwa, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ba ya tafiya, hannun dama kaɗai yake iya miƙawa, magana kuma babu. Amma wallahi yana gane komai, in aka ce za a je gidan Hajiya tun kafin a ɗauko takalmi ya fara dariya. Abin da ke cin raina, in yana kuka ban san yunwa ce ko ciwo ba. An ce akwai manhajar waya mai yi wa irinsu magana. Wacce zan sauke?

Anti Malama: Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara masa lafiya. Kafin waya, nemi kwali. Ki ɗauki hoton kayansa na gida, kofinsa, kwanon kunu, fo, tabarma, Hajiya, a wanke, ki manna huɗu kacal da tazara mai yawa saboda hannun, a rufe da leda don yawu. Amma ga inda iyaye suka fi kuskure: sai su cika allo da abinci. Yaro ba ciki ba ne kawai. A cikin huɗun sa masa irin su "ƙara", "ya isa", "a'a", "ciwo", "tafi". Kalmar "a'a" ita kaɗai tana rage kuka. Kuma ke ma ki riƙa nuna hoton in kina masa magana. Shekara nawa yaro ke jin Hausa kafin ya ce mama? Haka allon yake, sai ya ga ana amfani da shi.

Maman Khalifa: Na gode Anti. Sai dai surukata ta ce in aka saba masa da nuni zai yi kasala, bakin ba zai buɗe ba har abada.

Anti Malama: Ki gaishe da Hajiya, ki ce ta kwantar da hankalinta. A 2006 wasu masana a Amurka, Millar da Light da Schlosser, sun tattara binciken da aka yi kan wannan tambayar. Ba su samu wanda maganarsa ta ragu saboda allo ko na'ura ba, akasari ma ƙaruwa ta ɗan yi.

Baban Ikram: Maman Khalifa, ni tsarin katunan hoto da ake kira PECS muka fara da 'yata. Andy Bondy da Lori Frost ne suka tsara shi a 1985 a jihar Delaware, yaro ya ɗauki kati ya miƙa a ba shi abin da ke jiki. Ya yi mana amfani, amma ita tana tafiya, hannunta lafiya. Naki nuni zai fi masa sauƙi. Batun waya, gwada manhajar Cboard, ana sauke ta kyauta, kuma za ki iya sa hoton da kika ɗauka, ki naɗa murya a kai. Mu yayarta muka sa ta naɗa, don muryar yarinya ta fito, ba ta ƙaton mutum ba. Hotuna kuma akwai ARASAAC na gwamnatin yankin Aragon a Sifaniya, dubbai ne, su ma kyauta. Sai dai kar ki nemi tuwo ko hijabin Islamiyya a ciki, ki ɗauki naki. Proloquo2Go ana yabonta, amma sai kayan Apple, ga tsada, ga shi ba ta jin Hausa. Ko wacce kika sa, kar ki yar da kwalin. Shi ba ya neman caji.

Yaya Babba: Gaskiya ne. Mahaifinmu ɓarin jikinsa ya shanye bara, harshe ya yi nauyi. Mun yi masa allon boko ya kau da kai, muka ɗauka hankalin ne ya tafi. Ashe dattijo da ajami ya saba. Da almajirinsa ya rubuto masa a allo na katako, abu na farko da ya haɗa shi ne tambayar wa ke ba shanunsa dusa.

Anti Malama: Yauwa Yaya, ka kawo ni inda nake son zuwa. Maman Khalifa, hoto yana da iyaka: abin da kika manna kaɗai zai iya faɗa. Harafi kuwa ba shi da iyaka. Stephen Hawking, masanin kimiyyar nan da cuta ta shanye wa jiki, da motsin kunci ɗaya yake zaɓar haruffa, da haka ya yi ta gabatar da lacca har rasuwarsa a 2018. Don haka ki fara masa karatu yanzu, kar ki jira sai ya iya riƙe fensir, wataƙila ba zai taɓa riƙewa ba, kuma ba shi ne sharaɗi ba. Rubuta haruffa manya a layi biyar. Ki nuna layi ɗaya bayan ɗaya, ki ce "nan?", ki jira alamarsa ta eh, ko murmushi ne ko ɗaga ido. In ya tsayar da ke, sai ki bi haruffan layin. Duk abin da ya zaɓa ki rubuta a gabansa ki karanta, ko da shirme ne, ai kowane yaro da zane-zanen banza yake farawa. Allon da za ki sauke daga intanet na Turanci ne, ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ. Yaron da ba zai iya bambance kafa da ƙafa ba, an rage masa Hausa. Rubuta naki, ki ƙara sh da ts. Sannan ki haɗa masa ɗan littafi da hotunan gidanku, jimla ɗaya a shafi: "Khalifa yana son kunu."

Ɗan Tudu: Ni kurma ne, sanƙarau ya tafi da jina ina aji biyu. Ina tunatar da ku maganar hannu. A makaranta alamun Amurka ake koyarwa, waɗanda wani kurma Ba'amurke, Andrew Foster, ya kawo Ibadan a 1960, amma a kasuwa da majalisa muna da tamu ta Hausa. Ko hannu ɗaya ne, zai iya alamar ruwa da barci. A haɗa masa duka, kar a ce sai ɗaya.

Baban Ikram: Gargaɗi ɗaya. Wani ya taɓa zuwa gidanmu yana riƙe hannun Ikram yana kai shi kan haruffa, sai ga dogayen jimloli, uwarta har da hawaye. Na ce ya fita, na nuna wa Ikram cokali, ya dawo su rubuta abin da ta gani. Shiru. Wannan dabarar ƙungiyar masu gyaran magana ta Amurka, ASHA, ta sake yin watsi da ita a 2018. A tallafa wa yaro ya zauna daidai, amma hannun nasa ne.

Malam Na Lungu: Game da makaranta, dokar masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba su ilimi kyauta har sakandare. Ki je da allon ranar neman gurbi, malamai su gani da idonsu. Sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero ko ta Jos ma wurin tambaya ne.

Maman Khalifa: Allah Ya saka da alheri. Jiya na haɗa kwalin da hotuna huɗu. Na kawo kunu ina nuna "ƙara", ya miƙa hannu ya buga "a'a" har sau uku, yana kallona. Shekara nawa ina ɗura masa kunun gyaɗa ina cewa shi ya fi so. Anti, gobe in sa hoton koko da na shayi, ko in bari ya saba da huɗun tukuna?

Anti Malama: Sa duka biyun, amma kar ki matsar da "a'a" daga inda take. Hannunsa ya riga ya san hanya.