Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: wa ya tsaga namu?

Ɗan Kasuwar Hatsi:
Assalamu alaikum. Jiya a wurin zaman makoki ana hirar tsadar masara, aka gangaro kan manoman da 'yan bindiga suka hana zuwa gona. Sai wani dattijo ya ce, "Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Kowa ya gyaɗa kai, aka shafa fatiha aka watse. Ni dai a bakin kakata na san maganar, kuma tana yin ta ne in kishiyoyi sun yi faɗa har maƙwabta suka ji sirrin gida. To in an ɗora ta a kan Najeriya, mece ce tsagar, wane ne ƙadangaren?

Baba Mai Fansho:
Wa alaikumus salam, ɗana. Wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa ba sai an fassara masa ba. Kafin damina ake kwaɓa ƙasa a yi wa bango yaɓe. Maigidan da ya yi sakaci, ruwa zai ci gindin bangon, rana ta busar, ya dare. Ƙadangare ba shi da ƙarfin fasa bango, tararwa yake yi an fasa masa. Saboda haka maganar da maigida take yi. A wurina tsagar ita ce cin amanar dukiyar jama'a. Ku tuna a Disambar 2015 aka kama tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, bisa zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai, zargin da ya musanta. Shekarun da ake magana a kansu su ne waɗanda sojoji ke kukan rashin kayan faɗa a Borno, har aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok a 2014.

Malamin Aji Huɗu:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ni a aji nake ganin tsagar kullum. Ajina rabin kwanon rufinsa iska ta yaye tun bara waccan. Da hadari ya haɗo sai mu tattara yara mu cusa su a ajin maƙwabta, karatun ranar ya ƙare ke nan. Alli da kuɗina nake saye. Yaron da ya yi shekara shida a nan bai iya rubuta sunansa ba, ubansa zai ce gara ya bi shanu ko ya tafi haƙar zinare, kuma ban ga laifinsa ba. UNICEF ta daɗe tana cewa yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan, mafi yawansu a Arewa. Cikinsu ake samun mai ɗaukar bindiga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa mun bar namu ya bushe.

Baba Mai Fansho:
Malam, to kuɗin kwanon ina suka tafi? Ni ɗan zamanin UPE ne, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976 da idona na ga ana gina azuzuwa har a ƙauyukan da mota ba ta shiga. Yanzu akwai kuɗi a UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta tarayya, da jiha ba za ta taɓa ba sai ta ajiye nata kason, kuma sau nawa ake jin biliyoyi na kwance an ƙi zuwa ɗauka? Maganata ka maimaita, ka dai shigo ta ƙofar baya.

Malamin Aji Huɗu:
Ban ƙi ba, Baba. Amma mu ma ba wankakku ba ne. A 2017 Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, sama da 21,000 suka faɗi. Na ji kunyar ranar kamar da sunana a ciki. Sai dai a tambaya: wa ya ɗauke su aiki tun farko, da takardar wane ɗan siyasa?

'Yar Funtua:
Ku gafarce ni iyayena, ni karin maganar ce gaba ɗaya ba ta kwanta mini ba. Na farko, ƙadangare baƙo ne, daga waje yake zuwa. 'Yan bindigar da ke dajin Rugu ba daga sama suka faɗo ba, a nan aka haife su, kasuwa ɗaya muke ci da su a da. Infoman da ke nuna gidan wanda ya sayar da shanu kuwa, wataƙila sahu ɗaya kuka yi sallar asuba. Na biyu, ƙadangare in ya shiga tsaga kwanciya yake yi, ba ya ƙara ta. Waɗannan fa? Bayan an kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, aka sake a Jangebe a Fabrairun 2021, jihohi suka rufe makarantun kwana. Ƙanwata tana aji biyar lokacin. Da aka buɗe, mahaifinmu ya ce ba za ta koma ba, kafin shekara aka ɗaura mata aure. Likita take so ta zama. To a nan wa ya tsaga wa? Rashin makaranta ya haifi ɗan bindiga, ɗan bindiga ya rufe makaranta.

Direban Hanyar Birnin Gwari:
Hajiya ta taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Mu a tasha abin da muke cewa shi ne, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba zan ɓoye ba, ina miƙa na goro a shinge. Tun kafin in tsaya na naɗe kuɗin a tafin hannu, a gaisa, a ɗaga mini hannu, ba wanda ya leƙa but. To motar da ke bayana ma haka ta wuce, ko buhun masara ta ɗauko ko wani abu daban. Da aka hana sayar da fetur a jarka aka datse layukan waya a Zamfara a 2021, babura sun daina yawo a daji? Wani ne ke kai musu man, da burodi, da katin waya.

Ɗan Kasuwar Hatsi:
A'a direba, wannan ta daddawa ban yarda a ɗora wa talaka ita ba. Manomin da aka ce ya biya haraji kafin ya girbe geron da ya noma da guminsa, wane wari ya yi? In bai biya ba a ƙone amfanin, in ya biya a ce yana taimakon 'yan ta'adda. Irin maganar da manya ke so ke nan, a raba laifi daidai wa daida har a rasa mai shi.

Direban Hanyar Birnin Gwari:
Ban ce manomi ba, kaina na ce. Amma ka yi gaskiya, ɗari biyuna da biliyan ba awo ɗaya ba ne. Ni ban taɓa cewa maciji ya haɗiye mini naira miliyan 36 ba, kamar yadda aka ji a ofishin JAMB na Makurɗi a 2018.

Baba Mai Fansho:
Kai direba, ka sa na ƙware da shayi. 'Yata ta Funtua, na karɓi gyaranki rabi. Gaskiya ne karin maganar ba ta hango ƙadangaren da ke rushe gini ba, masu yin ta ba su ga irin wannan zamani ba. Amma ina nan kan bakata cewa da maigida take. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda masu mulki suka karɓe ta suna jifan mu da ita a taro, wai mu haɗa kai kada maƙiya su samu ƙofa, alhali kuɗin yaɓen a hannunsu aka damƙa.

'Yar Funtua:
To Baba, rabin da ka riƙe fa? Ka ce da maigida take. Shekara huɗu-huɗu mu muke layi a rana mu zaɓo shi, wasunmu da taliya da sabulu a hannu. A wannan gidan, mu 'yan haya ne ko masu gida?

Malamin Aji Huɗu:
Ku ci gaba, zan dawo in karanta amsar Baba. Hadari ya taso ta gabas, bari in je in kwashe yara.