Ina koya wa yara aya kullum, ni kuwa na bushe: yaya kuke yi?

Uwar yara uku, Zuru

Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwana mata. Akwai abin da ya daɗe yana cina a rai, na ce bari in kawo shi nan ko wata ta riga ni bin wannan hanya.

Tun Nuwamban 2025 da aka sace 'yan mata a makarantar Maga, ni da maigida muka ce yara su zauna gida in riƙa koya musu da kaina. Maga ba ta da nisa da mu, kuma zuciyata ta kasa ɗaukar zaman jiran dawowarsu kullum. Babbar tana aji biyar, mai bi mata aji biyu, autan bai isa shiga ba. Ina da takardar shaidar malanta ta NCE, don haka koyarwar ba ta ba ni tsoro ba.

Ƙarfe biyar nake tashi. Ruwa, gawayi, kunu, shara, wanka. Ƙarfe takwas mu hau allo, ba mu sauka sai ɗaya. Daga nan girki, da yamma in hau keken ɗinki domin shi ke kawo kuɗin cefane, da dare in shirya darasin gobe.

Kowace safiya da waƙa da aya muke buɗe karatu. Yaran sun haddace Zabura 23 da ta 121, har a coci ana yaba mini. Amma ni na manta ranar da na durƙusa ni kaɗai a gaban Ubangiji. Littafi Mai Tsarki ya koma mini littafin aji, ba na buɗe shi sai don in nemo abin da zan ba yara. Da dare in na ce "Ya Uba" sai dai in farka in ga gari ya waye. Ranar Talata na daka wa yarona tsawa a kan lissafin sau bakwai, ko minti goma ba mu yi da gama aya a kan ƙauna ba. Yadda ya kalle ni har yanzu yana idona.

Don Allah ku faɗa mini abin da kuka yi da gaske a gidajenku.

Maman 'yan biyu, Gusau

'Yar'uwa, sannu. Ni a Satumban 2021 na fara, lokacin da aka rufe makarantu a Zamfara, aka katse layin waya, aka hana cin kasuwannin mako-mako. A makonnin nan ne na gane inda lokacina yake zurarewa. Da babu sabis, sai ga rabin awa da safe, ga kusan awa guda da dare, waɗanda da nake rantsuwa ba ni da su.

Masallacin unguwarmu bango ɗaya ne tsakaninmu da shi. Kiran assalatu shi ne agogona har yau. Maƙwabtana su tashi sallarsu, ni in ɗauki tocila in zauna a bakin ƙofar kicin. Minti ashirin, ba ya wucewa. Markus na fara da shi, sura 16 ne kawai, kuma a sura ta farko aya 35 za ki ga Yesu ma da asuba ya fita tun da sauran duhu, bayan jiya mutanen gari sun cika masa ƙofa har dare. Ba na karanta sura guda, labari ɗaya nake ɗauka in tsaya a kai.

Sai dai asubar daga dare ake sayenta. Ruwan safe da yamma nake tara shi, gasarar kunu tana ajiye, tara da rabi na kwanta. In na wuce goma, na san gobe babu.

Mai goyo, Yauri

Yaya ta Gusau, na ji daɗin maganarki, amma ki bar ni in faɗi nawa domin masu jarirai. Na gwada tashin asuban nan wata guda. Yaro ya tashe ni sau uku cikin dare, asuba in zauna da Littafi a cinya ina gyangyaɗi, da rana kai na sarawa, in sauke haushin a kan manyan. Ƙarshe na fi da jin laifi, kamar Allah yana riƙe da rajista yana sa mini jan biro.

Wata dattijuwa a Zumuntar Mata ce ta nuna mini Ishaya 40:11, inda aka ce makiyayin yana bi da masu shayarwa a hankali. Na yi kuka ranar. Daga nan na daina jiran lokacin da hannuna zai zama babu komai, na ɗaura addu'a a jikin aikin. In ina shanya, rigar wanda na ɗaga shi nake yi wa addu'a, har ta maigida. Na sa an tura mini karatun Sabon Alkawari da Hausa a memori, yana yi ina wanke-wanke. Aya ɗaya nake rubutawa a bayan kwalin sukari in soke a ƙusa kusa da murhu, ta yi mako a wurin. Shayarwar tsakar dare kuwa, da nake jin haushinta, yanzu ita ce lokacin da gida ya fi shiru.

Ban ce ya kai zama a natse ba. Idan na yaye shi zan koma irin na Yaya.

Matar Fasto, Ribah

'Yata ta Zuru, zan taɓa inda ba ki ambata ba, ki yi haƙuri da ni. Sau nawa kike zuwa coci a mako? Na tambaya ne domin na san mu. Ni akwai shekarar da na zauna na ƙirga: taron Zumuntar Mata, addu'ar tsakiyar mako, gwajin waƙa sau biyu, sharar majami'a ranar Asabar, ajin makarantar Lahadi, ziyarar marasa lafiya, ga girkin baƙin da ba sa yankewa a gidan Fasto. Ga yara huɗu ina koya musu. Duk wanda ya gan ni da anko da tulun kiɗa a hannu zai ce matar nan ta cika da Ruhu, alhali cikina fayau yake.

Mu kan karanta Luka 10:38-42 mu ɗauka Marta aikin duniya take yi. Ubangiji take yi wa hidima fa, abincinsa take dafawa. Duk da haka ya ce mata tana damuwa da abubuwa da yawa. Na ajiye kwaya da ajin Lahadi shekara guda. An yi magana, har ta dawo kunnena cewa matar Fasto ta yi sanyi. Na haɗiye, domin na san abin da nake nema.

Sai batun allo. Takwas zuwa ɗaya ya yi yawa. Malamin da ke da yara hamsin ko sittin a aji shi ke bukatar wannan, rabin lokacinsa a tsawatarwa da duba littattafai yake tafiya. Ke da yara biyu, awa uku sun ishe ki lissafi da Turanci da karatu, sauran su koya a kicin da bakin keke. Auna mudu da ƙirga canji ai lissafi ne.

Kuma ina maigidan? Maimaitawar Shari'a 6:7, da ta ce a koya wa 'ya'ya a zaune a gida da tafe a hanya, da kwanciya da tashi, ba mata kaɗai aka faɗa wa ba. Ki roƙe shi da ladabi ya karɓi sujadar iyali ta dare. Ki zauna a tabarma a karanta miki ke ma. Mai rabon abinci in ba ta ci ba, wata rana a gaban tukunya za ta faɗi.

'Yar Katolika, Birnin Kebbi

Ni abin da ya riƙe ni addu'ar Anjelus ce, gajeriyar addu'ar tuna saƙon mala'ika ga Maryamu. Sha biyu na yi muke ajiye fensir, ko a tsakiyar jimla muke, mu miƙe mu yi, ba ta kai minti uku ba. Ranar da zuciyata ta bushe ba ni da kalmar kaina, kalmomin da na haddace tun ajin katikis su ke ɗauke ni. Rosari kuma, wato addu'ar carbinmu, ban iya gama gomiya biyar a zama ɗaya, sai in rarraba su cikin yini. Ku da ba Katolika ba, Addu'ar Ubangiji ko Zabura guda za ta yi muku wannan aikin, in dai kun tsayar mata da lokaci.

Kaka, malama mai ritaya, Zuru

Jikata, shekara 35 na riƙe alli, bari in yi maganar yaron. Ki kira shi gefe ki ce masa kin yi kuskure, ya yafe miki. Ba zai rage miki girma ba. Ayar ƙaunar da kika koya masa ranar Talata, a nan zai gane ta.

Ki duba 1 Sarakuna 19 kuma. Da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, barci aka bar shi ya yi, aka tashe shi ya ci, ya sāke kwanciya, aka sāke ba shi abinci, kafin a zo ga magana. Wata bushewar gajiya ce tsagwaronta. Bayan abincin rana ki sa dokar shiru ta rabin awa, kowa a tabarmarsa da littafinsa, ke ki ja ƙofa. Mako biyu za su yi suna ƙwanƙwasawa, daga nan su saba.

Kada ki manta babbar tana dab da jarrabawar shiga sakandare. Ki je ki ji yadda za a yi mata rajista tun yanzu.

Uwar yara uku, Zuru

Iyayena, na gode, Ubangiji ya sāka. Yau kwana goma sha biyu ke nan. Kaka, na roƙi yaron gafara a daren da na karanta saƙonki. Bai ce komai ba, sai ya kwantar da kansa a cinyata.

Mama ta Ribah, na ƙirga, sau biyar nake fita. Na gaya wa shugabar kwaya zan huta zuwa bayan Ista. Karatu yanzu sha ɗaya muke tashi, kuma ban ga abin da ya ragu ba. Maigida ya karɓi sujadar dare, Karin Magana yake bi da mu sura ɗaya kowace rana bisa kwanan wata, ko da yake ranar da ya dawo a makare ni ke yi.

Asubar ce har yanzu ban samu ba, sau uku kacal na iya. Shirun rana ya fi karɓata. Na kai Markus sura 4, kuma ban ɗebi ko aya ɗaya daga ciki na kai allo ba, nawa ne. Autan ne dai bai san doka ba, yana tsaye a bakin ƙofa yana kiran Mama. Mai goyo, da kike da ƙanana, me kike ba su su riƙe na rabin awa?