Gyaran kundin tsarin mulkin jiha da kuɗin makarantun gwamnati: me kuka gani a jihohinku?

Mahaifin yara uku, Kentaki

Assalamu alaikum, 'yan uwa mazauna Amurka. A watan Nuwamba na 2024 na fara jefa ƙuri'a a ƙasar nan, kuma abin da ya fi ɗaure mini kai a takardar zaɓen shi ne tambayar da aka kira Gyara na 2, wadda ta nemi a sauya kundin tsarin mulkin jiharmu domin majalisar dokoki ta samu ikon kashe kuɗin gwamnati a kan ɗaliban da ba sa karatu a makarantun gwamnati. Yarana biyu suna wata makarantar Musulunci ta kuɗi, kuma Allah ya sani kuɗinta ya fi ƙarfin aljihuna, saboda haka na zaɓi amincewa. Uwargida ta zaɓi akasin haka, hujjarta kuwa ita ce babbar 'yarmu tana sakandaren gwamnati, kuma babu inda gyaran ya faɗi nawa za a kashe ko daga wane asusu za a ɗebo. Kusan kashi 65 cikin ɗari na masu zaɓe sun bi ra'ayinta, gyaran ya faɗi a duka ƙananan hukumomi 120 na jihar. Har yau ba mu gama wannan muhawara a gida ba. Ina roƙon waɗanda aka taɓa zartar da irin wannan gyara a jihohinsu su faɗa mana abin da ya iso ajin yaransu bayan an gama ƙirga ƙuri'u.

Malamin lissafi, Kolorado

Wa alaikumus salam, Malam. Jiharmu ce ta fi dacewa ka nazarta, domin masu zaɓe sun cusa wa kundinmu gyare-gyare biyu da ba sa ga maciji da juna. A 1992 suka amince da wanda ake kira TABOR, wanda ya hana gwamnati ƙara haraji sai da ƙuri'ar jama'a, ya kuma yi wa kuɗin shigar da za ta iya riƙewa iyaka gwargwadon hauhawar farashi da ƙaruwar jama'a, abin da ya haura a mayar wa masu biyan haraji. A 2000 kuma suka amince da Gyara na 23, wanda ya wajabta a riƙa ƙara kuɗin kowane ɗalibi daidai da hauhawar farashi, da ƙarin kashi ɗaya cikin ɗari har shekara goma. Wato an ɗaure wa gwamnati hannu, sannan an umarce ta ta ɗauki kaya.

Da tattalin arziki ya karye, sai majalisa ta samo mafita a cikin kalma guda. Gyara na 23 ya yi magana ne a kan kuɗin tushe na kowane ɗalibi, alhali abin da gundumar makarantu ke samu ya haɗa da wasu ƙare-ƙare, kamar na yawan yaran talakawa, da tsadar rayuwa a yankin, da ƙanƙantar gundumar. Daga 2010 majalisa ta ci gaba da ƙara tushen kamar yadda kundi ya ce, tana kuma zabge kuɗi daga jimillar, kuma a 2015 kotun ƙolin jihar ta ce hakan bai saɓa wa kundin ba. Abin da aka riƙe wa makarantu ta wannan hanya ya kai kimanin dala biliyan 10.

A ajina, wannan lissafi ya zama yara sun fi kujeru yawa a makon farko na kowane zango, da littattafan da aka liƙe bangonsu da salatif, da abokan aiki da suka bar koyarwa saboda albashi ba ya biyan hayar gida. Fiye da rabin gundumomin makarantun jihar yanzu kwana huɗu suke karatu a mako, galibinsu na karkara, kuma sau da yawa dalilin shi ne hutun kwana uku ne kaɗai abin da za su iya jan hankalin malami da shi. A 2018 na bi gida-gida ina neman goyon baya ga Gyara na 73, wanda zai ƙara haraji a kan masu samun fiye da dala 150,000 a shekara domin makarantu. Yana buƙatar kashi 55, ko rabi bai samu ba.

Mahaifiya, Kalifoniya

Sannu da ƙoƙari, Malam. Namu ciwon ya girmi naku. Tun 1978 gyaran da ake kira Shawara ta 13 ya tsayar da harajin gidaje a kashi ɗaya cikin ɗari na ƙimar gida, kuma ƙimar ba ta ƙaruwa fiye da kashi biyu a shekara sai an sayar da gidan. Maƙwabciyata, wata dattijuwa mai kirki da ta sayi gidanta tun kafin a haife ni, ba ta biyan ko kwatan abin da muke biya, ga shi gidajen iri ɗaya ne. Ban ga laifinta ba, domin da ba don wannan doka ba da haraji ya kore ta daga gidan da ta tsufa a cikinsa. Sai dai tun daga lokacin kuɗin makarantu ya koma dogaro da baitulmalin jiha, har a 1988 aka sake wani gyaran, Shawara ta 98, wanda ya keɓe wa ilimi kimanin kashi 40 na kasafin jihar. Idan gunduma na son ƙarin haraji na musamman, sai ta samu kashi biyu cikin uku na ƙuri'u. Tamu ta nema, mafi yawan mutane suka yarda, amma ba a kai adadin ba. Yau ƙungiyar iyaye ce ke tara kuɗin malamar zane, kuma kowa ya san cewa iyayen unguwar masu hali suna tara ninkin-ba-ninkin abin da muke tarawa.

Ma'aikacin asibiti, Merilan

Mu da caca aka yi mana romon baka. A 2008 aka ce mu amince da injinan caca domin ribarsu ta tafi asusun ilimi. Ni ban zaɓa ba saboda addini, amma an zartar. Kuɗin cacar ya shiga asusun kamar yadda aka alkawarta, sai dai gwamnati ta janye na baitulmali da ta saba zubawa ta kai wasu ayyukan, ta yadda makarantar ɗana ba ta ga wani bambanci ba. Sai a 2018 aka sake gyara kundin, da amincewar kusan kashi 90, aka rubuta ƙarara cewa kuɗin caca ƙari ne a kan abin da doka ta riga ta wajabta. Shekara goma ke nan tsakanin alkawarin da jimlar da ta ɗaure shi.

Direban babbar mota, Kolorado

Malam, da girmamawa, ba ka faɗi ɗaya ɓangaren ba. A 2022 TABOR ɗin da kake kuka da shi ya dawo mini da dala 750, ya dawo wa matata da irinsu, da su muka yi wa yara sayayyar komawa makaranta. Mun baro ƙasashen da gwamnati ke karɓar haraji ba tare da ta nemi yardar kowa ba, saboda haka dokar da ta tilasta mata ta tambaye ni ba abar rainawa ba ce a wurina. Na ƙi Gyara na 73 domin abin da ma'aikacin asibiti ya faɗa ne nake tsoro: a karɓa da sunan yara, a kai wani wuri. Kuma ai na ji an daina zabge kuɗin da kake magana.

Malamin lissafi, Kolorado

Gaskiyarka, Alhaji, ni ma na karɓi dala 750 ɗin, kuma wani kaso nasu ya ƙare a takardu da alƙaluman rubutu a allo na ajina. Haka ne kuma an daina zabgewar a kasafin shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, amma ba a mayar da ko sisi daga abin da aka riƙe a baya ba. Yaran da suka shiga ajin share fage a 2010 sun kammala sakandare a 2023, kuma wasu daga cikinsu sun zauna a gabana a ajin lissafi. Daga shigarsu har fitarsu, ba su taɓa yin shekara ɗaya da aka ba makarantarsu cikakken abin da lissafin doka ya ce nata ne ba.