Jan Rubutu a Saƙon Kuskure

Masu rubuta manhaja sun tsaya a kan haka, in ana son saƙon kuskure ya fito ja a allon buga umarni: a sa \033[31m (lambar da ke mai da rubutu ja) kafin saƙon kuskure, a rufe da \033[0m (mai dawo da launi yadda yake). Duk wanda ya manta rufewar, komai ja zai ci gaba da fitowa, har layin da ake buga umarni. Saƙon ya bi stderr, hanyar da aka ware wa saƙonnin kuskure, kada ya gurɓata sakamakon da wani umarni ke jira. A duba isatty tukuna, wato gwajin da ke nuna ko allo ake zuba wa rubutun; in fayil ake zuba wa, a cire launi, in ba haka ba tarkacen [31m ya cika shi, abin ba kyan gani. A mutunta NO_COLOR, saitin da mai amfani ke sawa in ba ya son launi. Shi kuwa fayil ɗin umarni ba ruwansa da ja, lambar fita yake dubawa, wato lambar da manhaja ke bayarwa in ta gama aiki: 0 lafiya lau, 1 an samu matsala.