Koyar da kimiyya ko aikin kare muhalli: me kuka tarar a wannan hanya?

Ɗaliba mai neman shawara, daga Jigawa

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Na kammala karatun shaidar koyarwa ta NCE a fannin nazarin halittu, kuma ina shirin neman gurbin shiga jami'a kai tsaye a aji 2, sai dai zuciyata ta rabu biyu. Ko dai in ci gaba da digirin koyar da kimiyya, ko in koma fannin gandun daji da namun daji, domin tun ina ƙarama nake ganin yadda rairayi ke cin gonakin arewacin ƙauyenmu, har gonar kakana ta daina ba da geron da za a kai rani da shi. Mahaifina yana ganin koyarwa ta fi dacewa da 'ya mace, kuma ban raina maganarsa ba. Ina roƙon duk wanda ya yi ɗaya daga cikin ayyukan nan ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Malamin sakandare, daga Nguru

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Shekarata 14 ina koyar da nazarin halittu, kuma a shekarun farko na ɗauka rashin kayan gwaji ne babbar matsalata, domin ɗakin gwajin makarantar da aka tura ni kwalabe ne kawai a jere, babu sinadari ko ɗaya a cikinsu. Abin da ya buɗe mini ido shi ne ranar da nake bayanin yadda tsiro ɗaya ke mamaye wuri ya kori sauran, sai wani yaro ɗan masunta ya ce, “Malam, ai kachalla kake nufi.” Gaskiya ya faɗa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, tsarin ambaliyar dausayin Hadejia da Nguru ya canza, ruwa ya riƙa kwanciya a wasu wurare rani da damina, kachalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, ta kuma zama maɓoyar janbaki da ke cinye shinkafar manoma. Duk wannan yaran sun san shi a gida, abin da ya rage kawai shi ne a haɗa musu shi da abin da ke cikin littafi.

Daga nan na fara fita da su bakin fadama. Suna faɗa mini sunayen kifaye da ciyayi da Hausa da Barbarci da Badanci, ni kuma ina nuna musu tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a wurinmu, waɗanda suna cikin dalilan da suka sa aka saka tafkin Nguru a jerin dausayoyin Ramsar, wato dausayoyi masu muhimmanci a duniya, a 2000. A watan Janairu, lokacin ƙidayar tsuntsayen ruwa, nakan bi masu aikin a matsayin ɗan sa-kai, kuma a nan na koyi abin da ban koya a aji ba. Ba zan ɓoye miki ba, albashi ba ya riƙe gida, akwai shekarar da muka yi watanni ba a biya mu ba, kuma da noman rani nake cike giɓin.

Tsohon malamin daji, daga Bauchi

'Yata, na yi ritaya bayan shekara 35 a aikin gandun daji. Aiki ne mai daraja, kuma akwai makarantunsa, irin su Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Jos da ta kula da namun daji da ke New Bussa. Amma ki sani cewa guraben gwamnati kaɗan ne, kuma dazuzzuka irin su Kamuku da Rugu yanzu ma'aikaci ba ya shiga cikinsu da kwanciyar hankali saboda 'yan bindiga. Abin da ya fi ci mini rai idan na waiwaya shi ne yawan lokacin da na ɓatar wajen kama masu sare itace da masu gawayi, alhali washegari wasu ne za su dawo. Mun raba dashen itatuwa ba adadi a bukukuwan dashe, galibinsu awaki suka cinye kafin bazara. Waɗanda suka rayu har yau ana shan inuwarsu, mafi yawansu waɗanda muka bai wa makarantu ne, inda malami ya ɗora wa kowane yaro bishiya ɗaya ya yi mata shinge ya riƙa ba ta ruwa.

Malama, daga Maradi

Baba na Bauchi ya taɓo abin da muka gani a nan Nijar. Ina koyar da kimiyyar rayuwa da ƙasa, wadda muke kira SVT, kuma mahaifina yana cikin manoman da suka rungumi sassaben zamani tun shekarun 1980. Manomi ba ya dasa komai, sai dai ya bar tohon da ke fitowa daga kututturen gawo ko kalgo ko sabara, ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi ya sassabe sauran. Ta haka itatuwa suka dawo a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5, yawanci a jihohin Maradi da Damagaram. Da Faransanci muke karantarwa, kuma yara kan haddace darasi ba tare da sun gane ba, amma idan na tambaye su dalilin da ya sa hatsi ya fi kyau a gindin gawo, bishiyar da ke zubar da ganyenta da damina ta bar rana ta isa ga shuka, sai aji ya cika da magana. Kasancewarki mace riba ce, 'yar'uwa, domin matan da ke tafiyar nesa neman itacen girki sun fi sakin jiki da ni a maganar murhu mai tsimin itace fiye da yadda suke yi da ma'aikata maza.

Malamin ilimin sinadarai, daga Zamfara

Ni kaɗan zan ce. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana daka duwatsun zinariya a cikin gidaje inda yara ke rarrafe. Ina koyar da dalma a jadawalin sinadarai tun kafin lokacin, kuma ban taɓa faɗa wa ɗalibaina cewa tana cikin ƙurar da iyayensu ke shigowa da ita gida ba. Har yanzu wannan yana damuna.

Mai bincike kan tsuntsaye, daga Jos

Ina girmama abin da malamai suka faɗa, amma akwai gefen da ya kamata ki auna. Ni digirin koyarwa na fara yi, kuma da na nemi digiri na biyu a wani sashen kimiyya zalla, an ƙi karɓata bisa hujjar cewa darussan kimiyyar da na ɗauka ba su isa ba, sai da na yi difloma ta cike gurbi. Saboda haka ki binciki sharuɗɗan inda kike fatan zuwa tun yanzu, har da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos, wadda ke horar da masu digiri na biyu kan kare halittu tare da Jami'ar Jos. Tunda NCE ɗinki ta ba ki damar yin rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN, ƙofar aji a buɗe take gare ki ko da kin karanta gandun daji. Ki kuma dage da lissafin ƙididdiga da rubuta rahoto, domin su ake fara dubawa a ƙungiyoyi, waɗanda aikinsu galibi na kwantiragi ne na shekara 1 ko 2.

Ɗaliba mai neman shawara, daga Jigawa

Allah Ya saka muku da alheri. Na karanta wa mahaifina amsoshin nan bayan sallar isha'i, kuma maganar Baba na Bauchi ta bishiyoyin makaranta ce ta fi tsaya masa a rai. Mun amince in nemi fannin gandun daji, in kuma karɓi koyarwa a makarantar 'yan mata ta garinmu kafin sakamako ya fito, inda shugabar ta riga ta ba ni fili a bayan azuzuwa don renon iri. Malam na Nguru, shin ana karɓar mata 'yan sa-kai a ƙidayar Janairu, kuma me ya kamata in tanada kafin lokacin?